Ƙyallen Bakin Randa

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta yi sujada da gwiwa biyu ba. A zaune take salla, ƙafar dama a miƙe gabanta kamar taɓarya. Kurkunu ne ya fito mata a gwiwa tana goyona, ya tsinke a ciki wajen jawo shi, wurin ya kumbura ya yi ruwa, da ya warke kuma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. A ƙauyenmu, can ƙasar Kebbe kusa da Fakku, ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai, don da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai irin tabon ba. Da zarar ruwan sama ya zauna, daidai lokacin da gona take neman kowa, sai ka ga ƙarti zube a zaure da ƙafa a kumbure, kowa da ɗan tsinkensa yana naɗe farar tsutsa, yau kaɗan gobe kaɗan, gero kuwa yana can ciyawa ta cinye shi.

Abin da muka tashi muna ji shi ne kowa da kurkununsa aka haife shi, wata jijiya ce kwance a jiki, in ta ji ƙanshin damina sai ta motsa. Ni ma haka na yarda.

Baba malami ne, manya suna ɗaukar karatun littattafai a zaurensa da hantsi. Ni ce ɗiyarsa ta fari, saboda haka daga shi har Inna ba mai kama sunana, "ke" nake amsawa. Ya ba ni karatun allo da kansa, sannan ya sa ni boko, aka yi surutu aka gaji. Daga nan na samu shiga makarantar koyon aikin asibiti a Sakkwato.

A can ne wata rana malamarmu, wata Ba'indiya gajeruwa marar fara'a, ta tara mu a ɗakin gwaje-gwaje. Ta sa ɗan hantsaki ta ɗauko wani farin faifai, faɗinsa bai fi bakin kofin shayi ba, siriri kamar ɓawon albasa. Ta ɗora shi a gindin mazurari bisa bakin kwalba, ta zuba ruwan famfo wanda kowa ya ga garai yake, ta kunna wani ɗan inji mai zuƙe iska daga cikin kwalbar. Ruwa ya riƙa tsatsa yana sauka. Da ta ɗago faifan sai ga shi ya yi ja-ja-ja kamar an shafa masa ƙasa. Ta ce kafofin da ke jikinsa ido ba ya ganinsu, saboda ƙanƙantarsu har ƙwayoyin cutar zawo ba sa iya wucewa. Daga ƙasar waje ake kawo shi, sau ɗaya ake aiki da shi a jefar.

Sai ta ɗauko wata kwalbar da ruwan tabki, ta ɗaga ta saitin taga ta ce mu matso. Da na ƙura ido na ga wasu 'yan farare-farare suna tsalle a ciki kamar ƙuma. Ta ce waɗannan ƙwarin su ke haɗiye 'ya'yan kurkunu, mutum ya sha su da ruwa, tsutsa ta yi shekara tana girma a jikinsa kafin ta huda fata. In mai ciwon ya tsoma ƙafa a tabki don ya ji sanyi, sai tsutsar ta zuba sababbin 'ya'ya. Ta ƙara da cewa su ƙwarin nan manya ne, ba sai an nemo musu faifai mai tsada ba, ƙyalle mai matsattsiyar saƙa ya isa ya tare su. Ta faɗe shi ne kamar abin da bai kai a tsaya kansa ba, ta wuce wani darasi.

Ni ban wuce ba. Na tsaya riƙe da bakin tebur. Ba murna na ji ba, haushi na ji, irin wanda ba ka san wa za ka kama ba. Ashe ƙyalle ne kawai tsakanin Inna da gwiwarta.

Da na gama aka turo ni asibitin sha-ka-tafi a Tambuwal, aka kuma yi mini aure da wani malamin firamare na garin. Shekarun kuɗin man fetur ne. 'Yan kwangila sun cika ko'ina, samari sun sayi babura da rediyo mai kaset, rufin kwano yana ƙyalli a gidajen da da can ciyawa ce. Ƙauyenmu ma rabonsa ya zo: aka kawo injin haƙa, aka yi rijiyar burtsatse, aka kafa tanki bisa dogayen ƙafafun ƙarfe. Ruwa ya zubo, aka yi guɗa. Ba a jima ba injin ya tsaya, aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Legas. Mata suka ɗauki tulunansu suka koma tabki, kowa yana cewa gwamnati tana nan tafe da gyara.

Na gaya wa shugabanmu a asibiti abin da nake so in yi. Mutumin kirki ne, amma ya ce aikina wanke gyambo da ba da magani, maganar ruwa tana da ma'aikatarta, in jira a turo tsari daga Sakkwato. Na ce masa to. Ranar kasuwa na shiga rumfar masu yadi na riƙa ɗaga ƙyallaye saitin rana ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda haske bai cika ratsawa ba. Farin alawayyo ya fi kowane matsewa. Mai rumfar ya yi mini ta'aziyya tun kafin in yi magana, ya zaci likkafani na zo saye.

Na yayyanka shi daidai bakin randa, na kalmashe gefe na zura igiya, na kuma ɗinka jan zare a fuska ɗaya don a san ita ce sama. In aka juya ƙyallen, abin da ya tare jiya shi za a wanke a cikin ruwan yau. Da hutu ya zo maigidana ya ɗauke ni a babur, muka sha yashi da gargada har gida.

Gidanmu ba Inna ke da faɗa a ji ba. Goggo ce, yayar Baba, wadda ta dawo gidan bayan mijinta ya rasu. Ita ta yi renon Baba, ita ta yi mini wankan jarirai, ba wanda yake ɗaga ido ya dube ta. Ta fito daga ɗaki ta tarar na ɗaure farin ƙyalle a bakin babbar randa ina tsiyaya ruwa daga tulu. Ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Wa yam mutu, da kika sa ma randa likkafani?"

Na durƙusa na yi mata bayani tun daga farko, har da faifan Ba'indiya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ruwan da ubana ya sha, kakana ya sha, ya yi karatu ya yi limanci ya mutu da haƙoransa, shi ne yau na zo ina ƙyama don na sha ruwan famfo a birni.

"Ba ƙyama nika yi ba, Goggo. Tsutsa nika tarewa."

Ta miƙa hannu ta kwance igiyar, ta jefa mini ƙyallen a cinya. Na bari ta shiga ɗaki, na sake ɗaurawa. Ta fito ta kwance. Haka muka wuni, ba wadda ta ɗaga murya. Inna tana zaune tana sussukar gero, amma na lura duk sanda za ta sha ruwa sai ta jira lokacin da ƙyallen yake ɗaure.

Da abin ya tsaya a cikin gida da ba a ji shi ba. To, sai ga suna a gidan maigari, an haifa masa jika. Na tafi barka tare da matan gidanmu. Ɗaki cike, ana ta gaishe-gaishe, sai matar maigari, dattijuwa mai girma a garin, ta ce a ba baƙuwar birni ruwa. Da hannunta ta miƙo mini ƙwarya. Na karɓa da hannu biyu, na duba, ruwan tabki ne an sa masa alif ya kwanta, ya yi fari tas. Na san alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwarin. Na kuma san abin da ake nufi da ƙin shan ruwan mutum a gidansa. Sai na buɗe jakata na zaro ƙyalle, na roƙi wata yarinya ta miƙo mini kwano, na tace ruwan a gaban kowa, na yi bismilla na sha, na yi godiya.

Matar maigari ta ce, a hankali, ashe ruwan gidanta bai kai in sha ba sai an wanke shi. Goggo ta tashi ta fita ba sallama. Kafin la'asar gari ya ɗauka, har an laƙaba mini suna, wai Rariya.

Washegari da hantsi Baba ya sallami ɗalibansa da wuri ya aika a kira ni zaure. Na tarar da shi da ƙanensa, Baffa, wanda shi ne limamin garin. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Baffa ne ya yi magana, kuma ba da faɗa ba, da ilimi. Ya ce malamai sun gama magana a kan ruwa: muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya da ƙazanta ba, mai tsarki ne mai tsarkakewa. Da shi garin nan yake alwala yana wankan ibada. In na ce ruwan ba shi da kyau, to me nake cewa game da sallar mutane? Ya ce cuta kuma ba ta kama kowa sai da izinin Allah. Ya ce in je in ba matar maigari haƙuri, in kuma bar wannan bidi'a.

Na ce haƙuri zan bayar, domin na ɓata mata rai a gaban baƙinta. Na ce ban taɓa cewa ruwan ba ya alwala ba, ni ma da shi na yi ta asuba. Sannan na ce, kaina a sunkuye:

"Amma Baffa, ba ni sha. Kuma in Allah ya ba ni ɗiya, ba su sha."

Baffa ya dubi Baba ya ce ya ji abin da boko yake haifarwa. Baba ya daɗe yana jan tasbaha, can ya ce mini, abin nan da nake cewa yana cikin ruwa, ana ganinsa da ido ko kuwa sai an yarda da maganar Ba'indiya. Na ce ana gani. Ya ce in kawo.

Na shiga gida na ɗauko tulun da aka kawo daga tabki da safen nan, da kofin gilashi da Baba yake ba baƙi shayi a ciki. Na tace tulun kaf a cikin kwatanniya, na kife ƙyallen na ɗauraye fuskarsa cikin kofin. Baba ya fita ƙofar zaure ya ɗaga kofin saitin rana, ya kanne ido ɗaya. Ya daɗe. Sannan ya miƙa wa Baffa. Baffa ma ya duba da kyau, ya ce lalle akwai ƙwari, amma ƙwarin ruwa halittar Allah ne, tun yana yaro yake ganinsu, ganin ƙwaro ba shi ne ganin kurkunu ba. Gaskiya ya faɗa, ba ni da abin da zan nuna masa da ya wuce wannan.

Baba ya zauna ya ce maganar tsarki tana nan yadda Baffa ya faɗe ta, ba mai taɓa ta. Amma tsarki daban, abin da mutum zai zuba a cikinsa daban. Ƙasa ma mai tsarki ce, ana taimama da ita, ba a cinta. Ya ce shi bai sani ba ko ƙwarin ne ke kawo ciwon, sai dai tace ruwa ba ya cutar da kowa, don haka randar sha ta gidansa a ɗaura mata ƙyalle. Ni kuma in tashi yanzu in je gidan maigari.

Na je. Na durƙusa gaban dattijuwar na ce ta yafe mini, ƙuruciya ce da rashin iya lafazi. Ta ce ba komai, ɗiyar malam ɗiyarta ce. Sai ta yi wa jikarta ido, yarinyar ta kawo ƙwaryar ruwa ta dire a gabana. Matan ɗakin suka zuba mini ido. Na ce wa dattijuwar, "Inna, ranki shi daɗe, ki ƙara yi mini haƙuri." Na zaro ƙyallena na tace na sha.

Ta kalle ni, ta kalli ƙyallen, sai dariya ta kuɓuce mata. Ta ce taurin kai irin na Goggo ai ba a ƙasa ya faɗi ba, ga inda ya sauka. Ba ta ce ta yarda ba, amma ba ta kore ni ba.

Na koma Tambuwal na bar wa Inna ƙyallaye. Goggo kuwa ta sayi tulunta, ta ajiye a ɗakinta, ta ce ita ba ta shan ruwan likkafani.

Daminar da ta biyo baya ita ce mafi wuya a gare ni. Kurkunu ya kama gidanmu kamar kullum: Baba, da ƙanena mai bi mini, da matarsa, da yara. Na san dalili, tsutsar tun ruwan bara take jikinsu, kafin a fara tacewa, amma wa zai tsaya jin wannan? Na zo dubiya na tarar ana yi mini waƙa a bakin tabki. Ƙanena, ƙafa a kumbure, ya ce in kwashe tsummokarana in koma inda na fito, na sa gidan malam ya zama abin dariya. Har maigidana, a hanyarmu ta komawa, ya ce ko zan sassauta, tunda dangi sun fi ƙyalle.

Ban sassauta ba. Da na wanke wa Baba ƙafa na naɗe masa tsutsar, na gaya masa a ba ni damina ɗaya kawai nan gaba. Ya ce shi bai sa wa'adi ba, abin da ya faɗa ya faɗa. Na kuma gane wani abu a zuwan nan: maza suna wuni a gona, ƙishi ya kama su su sha daga kududdufi da tafin hannu. Sai na ɗinka ƙanana, waɗanda za a ɗaure a bakin gora. Baba ya sa nasa a aljihu. Ƙanena ya ce shi ba mace ba ne da zai yi yawo da ƙyallen tacewa. Na roƙi matarsa ta riƙa cika masa gora daga randa, ta ce tana yi, a can yake zubarwa ya ɗebo na kududdufi wai ya fi sanyi.

Damina ta sake zagayowa. A duk gidanmu mutum biyu suka kwanta, ƙanena da Goggo. Baba ya yi nomansa da ƙafarsa tun daga shuka har girbi, abin da ya ce ya manta rabonsa da shi. Ba wanda ya zo ya ce mini na yi gaskiya, ni ma ban nema ba. Sai dai mata suka fara zuwa wurin Inna da rana tsaka, wai sun zo aron taɓarya ko rariya, in za su tafi su tambaya ko akwai ragowar ƙyallen nan. Inna ta koyi ɗinkin, tana zaune da ƙafarta a miƙe tana kalmasa tana sa jan zare. Wata rana jikar matar maigari ta zo ta karɓi biyu, ta ce wai za a rufe nono da su saboda ƙuda.

Wasu gidajen ba su taɓa karɓa ba, har sai bayan shekaru da ma'aikata suka zo da motoci suna raba matatar roba gida-gida, aka kuma sa mai gadi a bakin tabki yana hana masu ciwo shiga. Baffa da kansa ya yi huɗuba a kan haka, ya yi ta da kyau kuwa. Tankin nan bai sake ganin ruwa ba. Ƙanena ya daina musu bayan da ciwon ya hana shi noman shekara guda cur, amma har yau in an yi maganar sai ya ce dama lokacin tafiyar kurkunu ne ya yi.

Goggo ba ta taɓa sauka daga kan bakanta ba. Da tsufa ya kayar da ita na ɗauki hutu na zo jinya, don ba ta yarda kowa ya juya ta sai ni. Wata rana da azahar ta ce ƙishi take ji. Tulunta yana nan a kusurwar ɗaki, yara suna cika mata shi kamar yadda ta saba. Na wuce shi na fita tsakar gida na ɗebo daga randa, na tallafo kanta na kai mata moɗa baki. Ta kauda fuska ta dube ni da idanunta da suka yi fari.

"Kin tace?"

"Na tace, Goggo."

Har na zaci za ta ture. Can ta ce, "Ke dai ba ki jin magana." Ta kama hannuna da moɗar ta sha, ta shanye, ta ce in ƙaro.